Neman kalma: me za mu kira ECU na jirgin da aka haɗa a gida?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina haɗa wani ɗan shiri na bidiyo a kan mutanen Amurka da ke haɗa jirgin sama da hannunsu a garejin gida, sai na cije a kan kalma ɗaya. Dokar can ta yarda mutum ya tashi da jirgin da ya haɗa, muddin shi ya yi fiye da rabin aikin, abin da suke kira dokar kashi 51. Duk shekara a ƙarshen Yuli suna taruwa a Oshkosh ta jihar Wiskonsin, kowa da nasa. Yawancinsu injin Lycoming suke sawa, amma akwai wasu 'yan tsiraru masu taurin kai da ke ciro injin Mazda RX-7, wanda ba shi da fistin, su ɗora wa jirgi. Wannan injin ba ya tashi sai da wani ɗan akwatin lantarki da ke ba shi fetur da wuta, ECU ke nan. Ba na so in yi minti goma ina cewa "i-si-yu" a shirin Hausa. Me za mu ce masa? Shi ma injin, idan akwai suna ina so.

Bakanike daga Panteka:
Wa'alaikumus salam. Malam ai ba sai an wahala ba. Mu a gareji birenbokis muke cewa. Idan kuma mai mota dattijo ne sai mu ce masa "Alhaji ƙwaƙwalwar motar ce ta taɓu", nan take ya gane, har ya fara lissafin kuɗi. Ka ce ƙwaƙwalwar inji ka huta.

Wani daga Maradi:
Mu nan kalkilatar muke cewa, daga Faransanci. Fulogi kuma buji. Amma idan aka ce ƙwaƙwalwa mu ma za mu fahimta.

Mai tambaya:
Da ita na fara, Oga. Abin da ya tsayar da ni shi ne na ga a jiragen nan guda biyu ake sawa a akwati ɗaya. Na rubuta "matuƙin ya kashe ƙwaƙwalwa ta farko ya kunna ta biyu", na karanta wa ƙanena, ya fashe da dariya.

Injiniya:
Bari in ɗan yi tsawo, don sai an ga aikin abu ake raɗa masa suna.

Injin dai ƙirƙirar wani Bajamushe ce, Felix Wankel, kuma injin farko irinsa ya fara aiki a kamfanin NSU na Jamus a 1957. Mazda ce ta riƙe shi da gaske, daga Cosmo a 1967, zuwa RX-7 a 1978, zuwa RX-8 da aka daina yi a 2012. A 1991 ma motarsu mai irin wannan inji ta cinye tseren awa 24 na Le Mans a Faransa. Injin Mazda da masu jirgi suka fi so shi ne wanda ake kira 13B.

Idan ka buɗe shi, za ka ga rami mai siffar ƙwanson gyaɗa mai 'ya'ya biyu. A cikin ramin akwai wani ƙarfe mai kusurwa uku, gefunansa sun ɗan kumbura, yana zagayawa kusurwoyinsa na goga bango. Kowane gefe ɗaki ne: ya shaƙi iska da fetur, ya matse, a kunna masa wuta, ya fitar da hayaƙi. Babu bawul, babu fistin da zai je ya dawo. Shi ya sa ba ya girgiza sosai, ga shi ƙarami, ga ƙarfi. 13B yana da irin wannan ƙarfen guda biyu. Sandar tsakiya tana juyi uku kafin ƙarfen ya yi ɗaya, kuma a kowane juyin sanda kowane ƙarfe yana samun wuta sau ɗaya. To a lissafa: inji na juyi 6,000 a minti, wato 100 a daƙiƙa. Kowane rami fulogi biyu gare shi, ɗaya ya riga, ɗayan ya biyo shi da 'yan digiri kaɗan, saboda ɗakin ƙonewar dogo ne siriri, wuta ɗaya ba ta cinye shi da wuri. Tartsatsi 400 ke nan a daƙiƙa guda, kowanne da lokacinsa.

Akwatin da ake tambaya shi ke tsayar da wannan lokacin. Yana da sansa a jikin sanda da ke gaya masa inda juyi ya kai, da wata mai auna ƙarfin iskar da ke shiga, da wata mai auna zafinta. Sai ya duba jadawalin da aka rubuta masa, ya ce wa nozul mai fesa fetur buɗe na tsawon kaza, ya ce wa kwayil mai ba fulogi wuta saki wuta yanzu. Ba ya tunani. Abin da mai jirgin ya rubuta a jadawali shi yake bi, ko daidai ne ko kuskure. Saboda haka ni ƙwaƙwalwa ta yi mini girma.

Bakanike daga Panteka:
Injiniya, da girmanka, na mota kam yana da ra'ayi. Bara wani yaro a wurin wanki ya watsa wa injin motata ruwa da famfo mai ƙarfi, sansa ɗaya ta jiƙe. Ina kan hanyar Zariya motar ta ƙi wuce gudun Keke Napep. Na taka totur har ƙasa, ta yi kunnen uwar shegu da ni. Birenbokis ya yanke hukuncin a rage ƙarfi don kada inji ya lalace. Wannan ba tunani ba ne?

Injiniya:
Madalla, ka kawo ainihin dalilin da ya sa masu jirgi da yawa ba sa amfani da na motar. An rubuta masa cewa idan abu ya rikice ya tsare inji, direba ya gangara gefen titi. Kai ka samu gefen titi. Wanda ya baro ƙasa da daƙiƙa ashirin, ga bishiyoyi a gabansa, gara injin ya ƙone a hankali yana ba shi ƙarfi har ya sauka. Ga kuma tsarin hana sata da ke neman makulli, da sansar salansa wadda fetur ɗin jirgi, 100LL, ke kashewa saboda dalmar da ke cikinsa.

Shi ya sa wasu suka ƙera nasu. Sananne a cikinsu shi ne Tracy Crook na Fulorida, wanda ya ɗora 13B a kan jirginsa RV-4 tun shekarun 1990, ya kuma riƙa sayar da akwatin da ya kira EC2, daga baya EC3. A ciki akwai na'ura biyu, A da B, da makunni a gaban matuƙi. Idan A ta sami matsala sai ya koma B. Akwai kuma ɗan maburgi da yake murɗawa ya ƙara fetur ko ya rage da hannunsa, don iska tana raguwa in ana hawa: a ƙafa 8,000 saura kamar kashi uku cikin huɗu, a 18,000 saura rabi. Shi ne kuma ya yi giyar da ke rage juyi kafin ya kai ga farfela, inji ya yi juyi 2.17 ko 2.85 farfela ta yi ɗaya, domin farfela ba ta son wuce juyi 2,700 a minti da yawa.

Abu ɗaya da ya kamata mai shiri ya faɗa: Lycoming yana da maganeto biyu masu yin wutarsu da kansu, ko batir ya mutu inji na tafiya. Wannan kuwa, wuta ta ɗauke, akwati ya yi shiru, famfon fetur ya tsaya, inji ya mutu. Saboda haka za ka ga batir biyu, famfo biyu, wani har altaneta biyu.

Wata baiwar Allah:
Ni dai daga bayanin nan uwargida da amarya na gani. Ɗaya ke girki, ɗaya na ɗaki tana jiran ranarta. Ga wuta ga cefane. Sai dai waɗannan ba sa kishi, abin da ya sa na san ba a Kano aka ƙera su ba.

Ɗalibin jami'a:
Me zai hana linzamin inji? Ko akala, ko ragama. Da su ake sarrafa doki da raƙumi.

Malamar Hausa:
Ɗana, linzami ya riga ya yi kaya da yawa. Akwai makami mai linzami, akwai linzamin kwamfuta. Sannan linzami abu ne da ke hannun mahayi, shi ke ja shi ke saki. A jirgi wannan totur ne. Akwatin nan ba a hannun kowa yake ba, aikinsa yake yi a ɓoye.

"Na'urar sarrafa inji" daidai ce, ba kuskure a ciki, kuma ita 'yan jarida za su rubuta. Aibinta kawai ba ta nuna komai ba. Totur ma yana sarrafa inji, makulli ma haka. Masarrafa kuwa kunne ya saba jin ta a wurin da ake sarrafa shinkafa ko fata.

Na karanta bayanin Injiniya sau biyu, kalmar da ta yi ta dawowa ita ce auna. Sai na tuna matan da ke zaune a kasuwar hatsi da tiya a gabansu. Ka ce mata mudu biyu, ta cika, ta shafe baki, ta juye maka. Ba ita ta yanke farashi ba, ba ita ta ce ka sayi biyu ba, amma duk abin da zai shiga buhunka ta hannunta zai bi. Sunanta ma'auniya. Ina ba da shawarar ma'auniyar inji.

Ga dalilin da ya sa na ɗauki ta mace. Ma'auni kalma biyu ce a baki, mai yin awo da abin da ake awo da shi, karin sauti ne ya raba su, mu kuma ba ma rubuta karin sauti. Idan ka rubuta ma'aunin inji za a zaci agogon da ke nuna zafi ko mai ne. Ma'auniya kuwa mai aikatawa ce kawai, ba ta da wata ma'ana. Na'ura ma mace ce, sai suka dace.

Ɗalibin jami'a:
Malama, fetur na yarda ana auna shi. Wuta fa? Ba a auna tartsatsi da mudu.

Injiniya:
Lokacinsa ake aunawa, da digiri. Fetur ɗin ma a gaskiya ba yawansa take gani ba, tsawon lokacin da nozul zai zauna a buɗe take aunawa, 'yan kaso cikin dubu na daƙiƙa. Iska kusan kashi 14.7 ga fetur kashi ɗaya a nauyi, in ana son cikakken ƙarfi a ɗan ƙara fetur. Duk awo ne. Malama ta fi ni gane aikina.

Bakanike daga Panteka:
Malama Allah ya ƙara basira, kalmar ta yi daɗi. Amma gaskiya ɗaya ce, gobe in na je wurin masu kayan gyara na ce a ba ni ma'auniyar Corolla, za su nuna mini hanyar Dawanau. Birenbokis ba zai mutu ba.

Malamar Hausa:
Ba mu ce ya mutu ba, Malam. Fulogi da totur ma ba daga kakanninmu muka gada ba, kuma babu mai korar su. Mai tambaya kalmar da zai yi bayani da ita yake nema, wadda za ta yarda a ce "ta farko" da "ta biyu" ba a yi dariya ba.

Wani tsohon ma'aikacin filin jirgi:
A yi hattara da sunan injin. Kada a ce "inji mai juyawa". A zamanin yaƙin duniya na farko akwai injunan Faransa, Gnome da Le Rhône, waɗanda dukkan injin ne ke juyawa tare da farfela, sandar tana tsaye. Turawa suna kiran su da suna ɗaya da na Wankel, kuma har yau abin na rikita su. Kada mu ɗauko ruɗaninsu mu shigo da shi gida. Af, mai shiri, jiragen RV ɗin nan ba baƙi ba ne a wurinmu. Air Beetle da sojojin sama suka koyi tuƙi da shi, wanda aka haɗa a Kaduna, daga RV-6A na kamfanin Van's aka samo shi. Shi dai Lycoming ne a hancinsa.

Malamar Hausa:
To ai Baba muna da alwatika, siffa mai kusurwa uku, yara suna koyonta tun firamare. Inji mai alwatika. Ƙarfen kansa a ce alwatikar, ramin a ce gidanta. 13B mai alwatika biyu ne.

Injiniya:
Wani injin Mazda, 20B, kuma mai uku. Ta zauna. Fulogin nan biyu kuma ni a aji ja-gaba da bi-baya nake ce musu.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ga yadda na rubuta, a duba mini:

"Jirgin yana da injin Wankel, wato inji mai alwatika, na Mazda. Fetur da wutarsa suna hannun wata na'ura da makanikai ke kira birenbokis, mu za mu kira ta ma'auniyar inji. Ma'auniya biyu ce a akwatin, ta aiki da ta ko-ta-kwana. Kafin ya tashi, matuƙi yana gwada kowacce a ƙasa, ya ji inji bai canza murya ba."

Hajiya, uwargida da amarya ma zan sa, amma a matsayin raha.

Bakanike daga Panteka:
Ka manta abu ɗaya. Na ji Injiniya ya ce kusurwoyin suna goga bango. Me ke shafa musu mai?

Injiniya:
A mota akwai ɗan famfo da ke ɗiga baƙin mai a ciki, yana ƙonewa tare da fetur. Masu jirgi da yawa cire shi suke, su zuba man tu-sitirok a tanki su gauraya da fetur, kamar yadda ake yi wa ƙaramin janareto. Wannan awon kam ba na ma'auniya ba ne, mai jirgi ne ke yin sa da kofi duk lokacin da ya sha mai.