Ƙanwata za ta bi "hanyar hajjin Turawa" a Sifaniya, Mma ta tada hankali

Dan_Aboabo:
Salamu alaikum jama'ar gida. Dan Allah wanda ya san Sifaniya ya fitar da ni duhu. Ƙanwata tana karatu a Bilbao shekara guda kenan, jiya da daddare ta yo wa Mma waya wai ran Asabar ta sama ita da 'yan ajinsu za su shiga mota zuwa wani gari Irun, daga can su tako da ƙafa har San Sebastian, yini guda, wai hanyar sunanta Camino, kuma da bakinta ta ce irin hajjin Kiristoci ne. To kun dai san Mma, kalmar hajjin nan kawai ta shiga kunnenta, yau ko kokon safe ba ta sha ba, cewa take yarinya ta tafi neman boko ga shi za a kai mata ita coci. Ni aka ɗora wa in kira ta in hana, amma yaya zan hana abin da ban sani ba? Wace irin hanya ce, akwai hatsari, kuma ya sallah da abinci?

Baban_Hafsa:
Wa alaikumus salam ƙanena. Kwantar da hankalinka, wannan yankin da ta faɗa ni da ƙafata na taka shi lokacin ina aiki can, sai da na kwana biyu ina tafiya kamar agwagwa.

Hanyar gaba ɗayanta tana ƙarewa ne a Santiago de Compostela, inda Kiristoci suka yi imani an binne Yakubu ɗaya daga cikin almajiran Annabi Isa (AS), kuma daga Irun zuwa can ya haura kilomita 800, fiye da wata guda ake yi. Ita ƙanwarka zangon farko kawai za ta yi, kilomita 25 da 'yan kai. Ka ɗauka ka taso daga kasuwar Kejetia a Kumasi ka wuce garin Ejisu da ƙafa, sai dai a cire motocin haya na trotro da ƙura a sa maka dutse.

Mu ƙarfe bakwai muka fito, ana wani yayyafi siriri da suke kira sirimiri, ba ka jin zubarsa sai dai ka ga rigarka ta jiƙe sharkaf. Ba ruwanka da taswira, kibiya ce ruwan ɗorawa aka shafa a jikin duwatsu da bango da falwaya, ita kake bi. Hawan farko zai kai ka wani ƙaramin coci, Guadalupe, daga nan in ka waiwaya za ka ga kogin Bidasoa, tsallakensa Faransa ce, kusa kamar ka jefa dutse. A nan hanya ta rabu biyu, ɗaya ta zagaye gefen dutsen Jaizkibel, ɗaya ta bi ta tsororuwarsa, sama da mita 500. Ni da rigima na bi ta saman. Wallahi minti ashirin na farko har da hannu na haɗa, ina tuno duk waakye, shinkafa da waken nan, da na taɓa ci a unguwar Asawase. Amma da na kai sama, hazo ya yaye, teku ga ta shimfiɗe a dama, tumaki masu dogon gashi suna kiwo da ƙararrawa a wuya, ga wasu gajerun dawakai sake ba mai su a kusa, ko kallona ba su yi ba.

Saukar ce ta fi cin gwiwa. Ka gangaro Pasaia, garin masunta mai titi ɗaya tal, matsattse, wani wurin ma ta ƙarƙashin gidaje yake bi. Sai a shiga ɗan kwalekwale mai inji da 'yan canji a tsallaka, kafin ka gyara zama an iso. Kana murna an gama sai ka tarar da matakala a jikin dutse tana jiranka, nan ne na ce wa abokin tafiyata ya wuce, a gaida mutan gida. Daga can dutsen Ulia ne, gefen teku, har ka sauka San Sebastian. Awa takwas muka yi.

Hatsari dai santsi ne da bororon ƙafa, mutane ba sa yankewa a hanyar, har tsofaffi mata su kaɗai da sandunansu. Kowa ya wuce ka sai ya ce "buen camino", wato a yi tafiya lafiya. In ta ce wa 'yan yankin "eskerrik asko", wato na gode da yarensu na Euskara, za ta ga haƙora a waje, don suna ji da yaren nan, bai haɗa dangi da Sifaniyanci ko Faransanci ba.

Abinci kuma ta buɗe ido, alade a komai suke cusa shi. Ta tsaya kan kifi da tortilla, wainar ƙwai da dankali ce, ita ma ta tambaya ko da chorizo a ciki, wani naman alade ne. Kuma dan Allah ka gaya mata sidra giya ce, kada ta ji an ce tuffa ta ɗauka lemo ne. Sallah ba matsala, da bazara Azahar sai wajen ƙarfe biyu take shiga, ni a kan ciyawa na shimfiɗa rigar ruwata na yi, wani Bajamushe ma ya tsaya nesa ya jira na sallame don kada ya gifta ta gabana.

Malam_Tafo:
Baban Hafsa ka iya labari, har na ji gwiwata ta amsa. Amma kada mu yi wa Mma dariya, tsoronta yana kan hanya. Asalin abin nan ibada ce, tun ƙarni na 9 ake zuwa kabarin, kuma tarihinsa ya cuɗe da yaƙe-yaƙen Andalus, har akwai siffar waliyyin nasu Yakubu a kan doki da ake kira Matamoros, ma'ana mai kashe Musulmin Magrib. A shekarar 997 Al-Mansur na Kurɗuba, jagoran Musulmin Andalus, ya ci garin Santiago da yaƙi, amma kabarin bai taɓa shi ba. Yanzu na sani da yawa motsa jiki da yawon buɗe ido ke kai su. A nawa ganin, in kallon ƙasa za ta je da ƙawaye, ta je, Allah ma ya ce a yi tafiya a bayan ƙasa a duba. In an shiga coci yin addu'a ta jira a waje. Kuma ta daina kiransa hajji a gaban tsohuwa, bakinta ne ya ja mata.

Hajiya_Alabar:
Kai yaran zamani, tafiyar yini ɗaya har da taron dangi! Kakanmu da ƙafa ya tafi Makka ta Kano da Fort Lamy, wato N'Djamena ta Chadi a yanzu, har Sudan, yana tsayawa yana noman ƙodago yana ci gaba, shekara bakwai kafin a sake ganinsa, kakarmu har ta fid da rai. Ɗana, ni abin da zan ce, su wa za ta tafi da su? In akwai mata a ciki kuma za su kwana gida a ranar, a bar yarinya ta sha iska. Mma kuma ka bar ni da ita, gobe in na tashi daga kasuwa zan biyo, ka ce ta ajiye min goro.

Dan_Aboabo:
Na gode ƙwarai iyayena da yayyena. Na kira ta yanzu, su shida ne, huɗu mata, har da wata 'yar Maroko mai hijabi, kuma a daren za su koma Bilbao. Na karanta mata maganar Malam ta yi tsit, ta ce ita ma wasa take da ta ce hajji. Mma ta ɗan sauko amma ta ce sai an yi mata bidiyo kol daga saman dutsen ta gani da idonta. Baban Hafsa, akwai netwok a can saman? Kuma wai sabon kambas ta saya jiya za ta sa a ranar.

Baban_Hafsa:
Netwok akwai, sai dai wani wurin wayar kan kama layin Faransa. Sabon kambas kuwa a'a wallahi! Ta fara yawo da shi tun yau ko ta sa tsohon, ta riƙe safa biyu da filasta.