Abin da aka tattauna kan littattafan tarihi, falsafa da waƙa

Jama'a, ga abin da na tsinta daga maganganunku kan littattafan da suka kamata a karanta:

1. Kusan baki ya zo ɗaya: mai son tarihin Daular Sakkwato ya fara da Infaƙul Maisuri na Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, sannan Tazyinul Waraƙati na Abdullahi Fodiyo. Larabcinsu da nauyi, a nemi malami.
2. A falsafa, Abdulƙadir ɗan Tafa, malamin Daular Sakkwato, aka fi ambata.
3. Kan makaɗan fada aka rabu. Wasu sun ce littattafan Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau, masanin waƙar baka, sun wadatar. Wasu kuwa sun ce Narambaɗa a takarda rabin Narambaɗa ne, sai ka ji kotso da 'yan amshi kana bin baiti da yatsa. Ni ma nan na karkata.
4. Tsofaffin littattafan rubutun hannu: a leƙa cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu da ke Sakkwato.