"Alkawari kaya ne": to wa ke ɗauka, kuma ina ake saukewa?

Ɗan Kurmi: Salam jama'a. Jiya wajen ɗaurin aure liman ya ja hankalin ango ya ce alkawari kaya ne, muna fitowa musu ya kaure tsakanina da abokina, shi wai duk su sa rana da rabon goro da tara mutane al'ada ce kawai, in zuciya ta riƙe shi kenan. Ni kuma na ce abin da ba a faɗa gaban shaidu ba ai ba a ɗora wa kowa komai ba. Me kuka gani?

Malam Na Zaure: Abokinka ya haɗa abu biyu. Goro al'ada ne, amma waliyyi da shaidu da sadaki ba al'ada ba ne, ko rubu'in dinari ne sai an bayar. Kuma a Suratun Nisa'i Allah ya kira aure alkawari mai kauri.

Maman Ikram: Malam a yi haƙuri, mun ga wanda ya cika masallaci da shaidu har da 'yan hoto, kafin Babbar Sallah an yi saki. Shaidun ba su taya kowa ɗauka.

Bakatsine: Shi ya sa ni nake kai maganar wajen wuridi. Ba wanda ya tilasta maka karɓar lazimin ɗariƙar Tijjaniyya, amma in ka karɓa safe da yamma ne, istigfari 100 salati 100 hailala 100, ko ranka na so ko ba ya so. Aure ma haka.

'Yar Damagaram: Kun tuna min kakata Allah ya jiƙanta. Kakanmu ya tafi hajji a ƙasa, ta Fort Lami, wato N'Djamena ta yanzu, ya nufi Sudan irin tafiyar da, ya ce mata in da rai zai dawo. Shiru, shekara bakwai. Kullum da magariba sai ta zuba tuwonsa a akushinsa ta rufe da faifai ta ajiye, da safe ta ɗumama ta ba almajiri. 'Yan uwanta sun yi sun yi ta je wurin alƙali, tun da matar wanda ya ɓace shekara huɗu ake yanka mata, ta ce ita ba ta ji mutuwarsa ba. Rannan sai ga shi, ashe ya tsaya noman auduga a Jazira ya tara guzuri, kuma wallahi da amarya ya dawo da goyo a bayanta.

Ɗan Kurmi: Innalillahi 😂

'Yar Damagaram: Da aka yi masa magana cewa ya yi "na ce zan dawo, ban dawo ba?" Ita kuwa ba ta ce uffan ba, kuma har bayan rasuwarsa akushin nan bai daina fita ba, mun taɓa tambayarta ta ce almajirin ya saba.

Maman Ikram: To ku faɗa min tsakani da Allah wa ya ɗauki kayan a nan.

Sarkin Shayi: Baba ya cika alkawari mana, har da ribar ƙafa. Ɗan siyasarmu da ya rantse a dandali zai kawo ruwan famfo ko amaryar ma ba mu gani ba, sai fosta.

Bakatsine: Su ai ɗan dako suke ɗauka, talaka.

Malam Na Zaure: Mai rantsuwa ya karya, ciyar da miskinai 10 ne, in babu hali azumi uku.

Sarkin Shayi: Ashe taliyar ranar zaɓe kaffara ce tun kafin a karya.

Ɗan Kurmi: Jama'a ni fa har yanzu ban san me zan gaya wa abokina ba.

Maman Ikram: Shi yana da auren ma tukuna?