Sakatar bindigata ta Mosin tana cijewa: ina ya dace a goge, ina bai dace ba?

Mafaraucin Minesota ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shekara shida ke nan ina zaune a jihar Minesota ta ƙasar Amurka, kuma bara ne na samu lasisin farautar barewa bayan na kammala horon kula da makami. Da yake aljihuna ba shi da nauyi, sai na sayi tsohuwar bindigar sojan Rasha ƙirar Mosin-Nagant 91/30, wadda tambarin da ke jikinta ya nuna an ƙera ta a masana'antar Izhevsk a shekarar 1943, kuma harsashin 7.62x54R take ci. Ta fuskar saiti ba ni da ƙorafi a kanta. Damuwata ita ce sakatar da ake ja da hannu domin fitar da kwanso da ɗora sabon harsashi. Ko da babu komai a cikin bindigar, idan na ja sakatar sai in ji tana kurji kamar an zuba mata yashi, idan kuma na yi harbi uku ko huɗu a jere, hannun sakatar kan ƙi ɗaguwa sai na doke shi da tafin hannu. Wani abokin aikina ya ce in samo samfefa da ƙaramin injin gogewa in bi cikinta duka har ta yi ƙyalli. Kafin in ɓata abin da ba zan iya gyarawa ba, ina neman shawarar waɗanda suka san aikin, domin lokacin farautar barewa da bindiga a nan farkon watan Nuwamba yake buɗewa.

Tsohon Makaniki ya rubuta:

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, abin da ka bayyana cuta biyu ne dabam-dabam, kuma ɗaya daga cikinsu ba ta buƙatar samfefa ko kaɗan. Cijewar da take yi bayan harbi sananniya ce ga masu irin wannan bindiga. Bayan yaƙin duniya na biyu an tsoma waɗannan bindigogi cikin wani giris mai kauri domin hana tsatsa, aka ajiye su shekaru masu yawa a rumbunan soja. Giris ɗin yakan bushe a bangon mazaunin harsashi har ido ba ya ganinsa, amma da zarar ƙarfen ya ɗauki zafi sai ya narke ya zama kamar ƙaro, ya riƙe kwanso, musamman kwanson ƙarfe mai fentin kariya irin na tsofaffin harsasan soja. Saboda haka ka fara da wanki. Ka tabbatar babu harsashi a ciki, ka cire sakatar, ka samo burushin tagulla na bindigar tsuntsaye mai lamba 20, ka jiƙa shi da man wanke bindiga, ka juya shi a cikin mazaunin, sannan ka bi da tsumma har sai ya fito fari. Ita ma sakatar ka warware ta gunduwa-gunduwa ka jiƙa a kananzir, domin giris yakan cika cikin sifirin. Mutane da yawa a nan matsalarsu take ƙarewa.

Kurjin da kake ji lokacin da babu harsashi shi ne wanda gogewa za ta amfana. A 1942 da 1943 masana'antun Rasha sauri suke yi saboda yaƙi, ba su tsaya share sawun injin da ke jikin ƙarfe ba. Amma kada ka goge bisa zato. Ka shafa tawadar baƙin alƙalamin maka (marker) a jikin sakatar, ka mayar da ita, ka buɗe ka rufe kamar sau ashirin, sannan ka cire ka duba. Inda tawadar ta goge, nan ne ƙarfe yake haɗuwa da ƙarfe, kuma nan kaɗai aikinka yake. Yawanci za ka samu wuraren su ne gefen sakatar da ke bin hanyarta, da sandar da ke haɗa kan sakata da jikinta, da kuma ɗan gangaren da ke bayan sakatar. Wannan gangaren ya fi kowane muhimmanci, domin Mosin, kamar bindigar Jamus ta Mauser 98, tana ɗana allurarta, wato ƙarfen da ke bugun gindin harsashi, ne a lokacin da kake ɗaga hannun sakata, saboda haka duk nauyin sifirin a kan gangaren yake hawa. Lee-Enfield ta Ingila kuwa a lokacin rufewa take ɗanawa, shi ya sa ɗaga hannunta yake da sauƙi. Ka yi aiki da hannu, da samfefa mai laushi daga lamba 600 zuwa 1500 wadda aka ɗiga wa mai, ka ƙarasa da man goge ƙarfe irin su Flitz a kan tsumma. Manufarka ka kashe kaifin sawun, ba ka shafe shi gaba ɗaya ba, domin ramukan da suka rage su ne suke riƙe mai. Injin abokin naka kuwa ka bar shi a cikin akwatinsa, domin cikin daƙiƙa kaɗan yake cinye kusurwar da ya kamata ta zauna da kaifinta.

Mai Saiti ya rubuta:

Ina goyon bayan Baba Makaniki a kan wanki, amma ni ban ga dalilin samfefa ba. Tawa da hannu kawai na lallashe ta: na shafa giris kaɗan a gangaren, na riƙa buɗewa da rufewa ina zaune da yamma har na tsawon makonni, kuma ta yi laushi da kanta. Na kuma ji wasu suna shafa man niƙa mai ɗan tsakuwa a bayan haƙoran kulle guda biyu da ke kan sakata, waɗanda suke riƙe ta idan an rufe, domin su zauna daidai. Ko wannan ba zai taimaka wa ɗan'uwanmu ba?

Tsohon Makaniki ya rubuta:

Malam Mai Saiti, shawararka ta farko tana da kyau, kuma ita ce mafi aminci ga mai haƙuri. Ta biyun ce nake roƙon kada ya kusance ta. Bayan haƙoran kulle shi ne yake tare ƙarfin fashewar harsashi, kuma shi ne yake ƙayyade tazarar da ke tsakanin fuskar sakata da gindin harsashi. Wannan tazara da kashi ɗaya cikin dubu na inci ake auna ta. Duk abin da aka cire daga haƙoran ya ƙaru a kan tazarar, kuma idan ta yi yawa kwanso yana iya tsagewa, iska mai zafi ta dawo wajen fuskar mai harbi. Masu gyaran bindiga na gaske sukan yi wannan niƙa, amma da ma'aunin tazara a hannunsu, kuma sau da yawa a lokacin da za su sake ɗaura bututu ne. Akwai kuma wurare biyu da ya kamata ya ƙyale. Na farko shi ne bakin maƙalin da kunama take saki, domin idan kusurwarsa ta zagaye bindiga tana iya tashi da kanta idan ta faɗi ko aka rufe sakata da ƙarfi. Na biyu shi ne bangon mazaunin harsashi: a wanke shi, amma kada a mayar da shi madubi, domin kwanso yana buƙatar ya ɗan kama bango a lokacin harbi, in ba haka ba nauyin da ke komawa kan haƙora sai ya ƙaru.

'Yar Arewacin Dakota ta rubuta:

Ina da ƙari ɗaya da ya shafi yanayinku, domin sanyin da ke wajenku shi ne a wajenmu. Giris ɗin da ya yi laushi a cikin ɗaki yana daskarewa a daji a watan Nuwamba, har ya rage ƙarfin bugun allura harsashi ya ƙi tashi. Mu a gidanmu cikin sakata a bushe muke barinsa, ko da ɗigon mai marar kauri, giris kuma a kan gangaren kaɗai, gwargwadon ƙwayar gero. Sannan idan ka mayar da sakatar bayan wanki, ka auna tsawon fitowar allura da ɗan ƙarfen da ke zuwa tare da bindigar, mai tsagi biyu masu lamba 75 da 95: dole allurar ta taɓa na farko, kada kuma ta kai na biyu. Idan tsofaffin harsasan soja kake harbawa, ka wanke bututun da ruwan zafi a ranar, domin suna barin gishirin da ke jawo tsatsa.

Mafaraucin Minesota ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ranar Asabar na bi shawarar Baba, kuma sai da na canza tsumma har sau tara kafin launin ruwan ƙasa ya daina fitowa daga mazaunin. Tawadar maka ta goge a wuri uku kacal, na bi su da samfefa mai lamba 1000, ban taɓa haƙora ko kunama ba. Jiya na harba harsashi goma sha biyar a filin gwaji, hannun sakatar yana ɗaguwa ba tare da duka ba, ko da yake har yanzu akwai ɗan nauyi a ƙarshen ɗagawar. Bindigar ba ta zo mini da ƙarfen auna allura ba, Hajiya, saboda haka na yi odarsa, kuma mako mai zuwa zan kai ta wajen mai gyara ya duba mini tazarar kafin in shiga daji.