Siminti buhu 10 da tayil a cikin Corolla: in ɗauka da kaina ko in yi haya?

Mai Gini a Ɗanbare: Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ranar Asabar zan sayi siminti buhu 10 da tayil kwali 12 a kasuwar Ƙofar Ruwa da ke Kano, kuma wani mai ƙurƙura ya nemi naira 12,000 kafin ya kai mini su wurin aiki. Motata Corolla ce, takardar da ke manne a jikin ƙofar direba kuwa ta nuna kada nauyin mutane da kaya ya wuce kilo 385. Shin zan iya kwashe kayan a sawu biyu ba tare da na cutar da motar ba, ko hayar ta fi?

Direban Hanyar Gwarzo: Wa alaikumus salam. Malam, ka zuba buhu goman a tashi ɗaya, ka ƙara wa tayoyin baya iska, ka tafi a hankali. Mu da muke wannan aiki ba mu taɓa karanta takardar jikin ƙofa ba.

Malamin Lissafi: Da izininka, Yallaɓai direba, akwai gyara. Kowane buhu kilo 50 ne, goma sun zama 500, ba a ma yi maganar tayil ba. Shi mai motar yana cikin kilo 385 ɗin nan, don haka idan aka cire nauyinsa, abin da ya rage bai wuce na buhu shida ba. Kwalin manyan tayil kan kai kilo 25 ko fiye, wato kayan gaba ɗaya sun doshi kilo 800, kuma sawu biyu ba za su wadatar ba, sai uku. Sannan kada a jibge komai a but, domin nauyin da ke bayan tayoyin baya yakan ɗaga gaban mota har sitiyari ya yi sakwa-sakwa. A shimfiɗa leda, a jera buhunan a ƙasan kujerar baya, tayil kuma a tsayar da shi a kan gefensa, kada a kwantar.

Baban Yara: Ni wannan magana ta tuna mini da abin da har yanzu nake jin zafinsa. Bara na loda siminti da bulo a motata saboda tsimin kuɗin haya, muka fita lafiya, amma a tudun rage gudu na farko salansa ta goga ƙasa ta tsage. Ban yi nisa ba tayar baya ta fashe da tsakar rana, motar ta ja ni gefe, na taka birki amma nauyin yana tura ta gaba, Allah ne ya tsare wani mai keke da ke gabana. Safaya tana ƙarƙashin kayan, sai da na biya yara suka sauke komai a bakin titi, ana cikin haka hadari ya haɗo. Buhu uku sun sha ruwa sun daskare. Shokazoba biyu da salansa da taya sun ci kuɗin da zai ɗauki hayar a-kori-kura sau da yawa.

Hajiya Mai Shago: Allah ya ƙara kiyayewa, Alhaji. Amma naira 12,000 ta yi yawa, makon jiya 7,000 na biya daga Ƙofar Ruwa zuwa Rijiyar Zaki.

Tsohon Magini: Hajiya, wataƙila mai ƙurƙurar ɗan'uwanki ne. Ni 15,000 aka karɓa a hannuna, kuma bayan an isa ya ce ladan sauke kaya daban ne.

Ɗan Sabon Gari: Ku bar Corolla ta huta, a aro Golf. Na taɓa ganin wadda ta ɗauko bijimin sa da buhunan masara, ga fasinja biyu a kujerar gaba, kuma direban yana neman cikon mutum ɗaya.

Direban Hanyar Gwarzo: Malamin lissafi, a kan allo kake tuƙi ko a kan kwalta? Wanda bai taɓa kai lodi ƙauye da damina ba bai kamata ya koya wa direba aikinsa ba.

Bakanike a Ƙofar Ruwa: Maigida, ku kuna lodawa, mu ake kawo wa gyara, saboda haka ni ma ina da ta cewa. Sifirin da ya zauna ba ya komawa yadda yake, kuma mota mai nauyi tana buƙatar tazara mai tsawo kafin ta tsaya. Direban haya yana mayar da kuɗin gyara daga fasinja, wannan bawan Allah kuwa daga albashinsa zai biya. Sai dai a labarin Baban Yara ina zargin tayar ma tsohuwa ce.

Baban Yara: Wata biyu kacal da sayenta, mai shagon ya rantse mini cewa bai daɗe da sauke ta daga kwantena ba.

Bakanike a Ƙofar Ruwa: Saukewa daban, ƙerawa daban. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu a ƙarshen layin da ya fara da DOT: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Idan ka ga 2315, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2015, ko da zanenta yana sheƙi.

Hajiya Mai Shago: Wannan ita ce cutar da ya kamata a yi magana a kai. Ana shafa wa tsofaffin tayoyi baƙin mai, a sayar mana a matsayin 'yan Baljiyam masu kyau, kuma idan ta fashe ka koma, sai a ce kai ne ka yi lodi. Direbana ya sayo guda biyu a watan jiya, yanzu zan aika a duba mini lambar.

Tsohon Magini: Idan an duba ki faɗa mana nawa ya ce ya saye su, Hajiya, domin ina jin a nan ma akwai magana.