Tsohon injin wankina yana wanki amma ya ƙi matsewa

Maman Yara Huɗu

Assalamu alaikum jama'a. Injin wankina irin mai ƙofa ta gaba ne, shekararsa 13 a hannuna, bai taɓa ba ni ciwon kai ba sai yanzu. Sati biyu ke nan ya tsiro da wani hali. Zai ja ruwa, ya wanke, ya ɗauraye, amma da an zo wajen matsewa sai ganga ta yi ta juyi a hankali, hagu da dama, can ta tsaya cak. In buɗe in tarar da kaya sharkaf. Na kira mai gyara, ko bayan injin bai kwance ba, ya saurara na minti biyu ya ce moto ya mutu, gara in sayi sabo. Raina bai kwanta da maganarsa ba. Don Allah wanda ya taɓa fama da irin wannan ya faɗa min yadda nasa ya ƙare.

Baban 'Yan Biyu

Wa alaikumus salam. Hajiya, kafin komai, idan ya tsaya akwai sauran ruwa kwance a ƙasan gangar? Nawa haka ya yi min bara, har na fara tunanin inda zan jingine shi. Ashe waɗannan injinan ba sa yarda su ɗauki gudun matsewa sai sun tabbatar ruwa ya fita. Akwai wani siririn tiyo da ke kai iska ga makunnin da ke auna yawan ruwa, muddin yana jin ruwa a ciki, injin zai yi ta jira.

Ki duba can ƙasa ta gaba, akwai 'yar ƙofa. A bayanta matatar famfon zubar da ruwa take. Ki cire fulogi tukuna, ki shimfiɗa tsohon tawul, ki tara faranti mai faɗi, sannan ki murɗa murfin kaɗan-kaɗan, don ruwan da zai fito ya fi yadda kike zato. Ni abin da na zaro: safar jariri guda, maɓallai biyu, da dunƙulen zare kamar sheƙar tsuntsu. Safar nan wata uku muna nemanta. Ina mayar da murfin injin ya dawo hayyacinsa.

Kakar Gida

'Yata, ni nawa mai baho biyu ne, gefe na wanki gefe na matsewa, ya girmi wasu jikokina. Lokacin da ya ƙi matsewa gurnani kawai yake yi, uuuu, gangar ba ta motsi. Amma idan na ɗan juya ta da hannu na rufe murfin da sauri sai ta kama gudu. Ɗana ya ce kafasita ce ta gaji, irin ta fankar sama idan ta ƙi tashi sai an tura ta da sanda. Ya ciro ta, ya karanta lambar jikinta, maikrofarad 5 na gefen matsewa, ya samo mai lamba ɗaya da ita. Shi ke nan.

Bayan shekara biyu ya sake ƙi. Wannan karon wayar birki ce ta yi tsatsa ta tsinke. Rufe murfi ne ke jan wayar ta saki birki, to da ta tsinke sai birkin ya riƙe gangar gam. Ki sa a duba miki kafasita.

Tsohon Mai Gyara

Mama, Allah ya ƙara lafiya, bayaninki daidai ne a kan mai baho biyu. Sai dai na Hajiya ba dangin naki ba ne. Mai ƙofa ta gaba na wancan zamanin yawanci motonsa mai buroshi ne, wato 'yan sandunan gawayi da ke kai masa wuta, ba ya dogara da kafasita wajen tashi. Kuma don Allah Mama a daina sa hannu a gangar matsewa da fulogi a jiki. Ita kafasitar ma tana riƙe wuta bayan an cire fulogi, na sha ganin ta yi jifa da sukurudireba daga hannun yaro.

Ni a shekarun da na yi ina wannan aiki, kunne nake fara sawa kafin sifana. Idan moto yana gudu, kina jin ƙararsa sosai, amma ganga tana tsaye, bel ɗin da ke haɗa moto da ganga ne ya tsinke ko ya sauka. Idan famfo ne ke ta ƙugi ba ya tsayawa, ruwa ne bai fita ba, kamar yadda Baban 'Yan Biyu ya faɗa. Idan kuma shiru ne tsit bayan ruwa ya fita, sai a koma kan makullin ƙofa da wayoyi. Hajiya, ki share matatar, sannan ki sa shi a matsewa kaɗai ba kaya ko ɗaya a ciki, ki dawo ki faɗa mana abin da kika ji da abin da kika shaƙa.

Amarya Mai Koyo

Ni kunya ma nake ji in faɗi nawa. Bargo ɗaya tal na saka, babba mai nauyi. Ya sha ruwa ya dunƙule gefe guda, injin ya yi ta ƙoƙarin baza shi ya kasa, sai ya haƙura. Na yi kwana biyu ina cewa ya lalace. Yayata ce ta ce in ƙara tawul biyu nauyi ya daidaita. Lafiyarsa ƙalau.

Maman Yara Huɗu

Na gode ƙwarai jama'a. Na buɗe matatar, na samu tsabar kuɗi guda biyu da fil ɗin gashi, ga datti baƙi ƙirin. Yanzu ruwa yana fita da ƙarfi, har na fara murna. Amma matsewa dai shiru. Da na gwada shi ba kaya kamar yadda Baba Tsohon Mai Gyara ya ce, ya ɗan yunƙura kamar zai tashi, na ji wani tas-tas-tas daga ƙasa ta baya, da ɗan ƙauri kamar na waya, sai ya sake lafawa. Ƙanwata Amarya, ni ma na so a ce bargo ne!

Mai Kwance-kwance

Anti, kada ki yi irin wautar da na yi. Nawa da ya fara wannan, na yanke hukunci da kaina cewa allon lantarkin da ke sarrafa shi ne ya ƙone, don shi ne abin da ban gane ba a cikin injin. Na nemo wani da ƙyar, na ɗaura, ba abin da ya canza. Sai da na kwance murfin baya, abin da ya kamata in fara yi tun ranar farko, na ga baƙar ƙura ta roba ta cika ƙasa. Bel ɗin ya saki, ya yi santsi yana sheƙi. A wanki yana iya jan ganga tunda a hankali ne, amma da an nemi gudu sai ya yi ta zamewa a kan faifan da yake ja.

Lambar bel tana rubuce a bayansa, da ita ake nemo irinsa. Sabon zai yi miki kamar ya yi kaɗan, kada ki mayar. Ana fara saƙala shi a bakin moto, a ɗora gefe a kan babban faifan, sai a juya faifan da hannu ya hau da kansa. A kula da yatsu. Allon nan yana nan a kwali har yau, kullum na gan shi sai raina ya ɓaci.

Uban Gayya

Ni kam bari in faɗi wadda ba a so. Ba kowane tsohon inji ne ya cancanci wahala ba. Nawa ya fara da ƙara kamar jirgi zai tashi duk lokacin matsewa, na share. Daga baya ya ƙi matsewar gaba ɗaya. Boris ɗin ganga, wanda sandarta ke juyawa a cikinsa, ne ya ci, robar da ke tare ruwa ta mutu, ruwa ya shiga ya cinye shi da tsatsa. Abin haushi, bahon nawa irin wanda aka liƙe ne, ba a raba shi biyu da noti, sai dai a canza shi ɗungurungum. Na canza bel, na canza famfo, duk a banza, ƙarshe na rabu da shi. Hajiya ki kama gangar ta ciki ki ɗaga sama da ƙasa. Idan tana girgiɗi tana ƙwas-ƙwas, ko kika ga layin tsatsa ya gangaro a bayan bahon, kada ki zuba kuɗinki.

Maman Yara Huɗu

Na gwada, Alhaji. Ba ta girgiɗi, kuma da na juya ta da hannu shiru take tafiya, da ɗan nauyi. Mun cire murfin baya ni da babbar 'yata, bel yana nan daram, babu tsatsa. Amma akwai baƙin gari kamar na gawayi a jikin moton da ƙarƙashinsa.

Tsohon Mai Gyara

To alhamdu lillahi, kin gama min aikin. Tas-tas ɗin nan, da ƙaurin, da baƙin garin, duk buroshi suke nunawa. Wasu 'yan sanduna ne guda biyu na gawayi, ɗaya a kowane gefen moto, sifirin na tura su suna gogar zoben tagulla da ke juyawa, ta nan wuta ke shiga. An yi su ne don su cinye, kamar takalmin birki. A wanki gangar ba ta wuce juyi 50 ko makamancin haka a minti, ko guntun buroshi zai iya. Amma don ganga ta kai juyi 1000, shi moton sai ya haura 10,000, saboda bakinsa ƙarami ne, faifan ganga kuma babba. A nan guntun buroshi ke kasawa, ya yi ta tartsatsi, injin ya ji gudu bai daidaita ba ya janye.

Ki cire fulogi. Ki ɗauki hoton wayoyin da wayarki kafin ki zare komai. Ki sauke bel, ki kwance notocin da ke riƙe da moto, ki zaro shi, yana da nauyi fiye da girmansa. Kowane buroshi ƙananan sukurori ne ke riƙe da gidansa. Idan abin da ya rage bai kai santimita ɗaya da rabi ba, ya gama aiki. Biyun ake canzawa tare ko da ɗaya ya fi ɗaya tsawo.

Sai abu ɗaya, don kada in yi wa wancan mai gyaran rashin adalci. Ki shafa zoben tagullar da yatsa. Idan sumul yake, baƙi ne kawai, a goge shi. Idan kika ji wani yanki ya taso ya fi sauran, ko ya ƙone ya yi rami, to maganarsa ta tabbata, sabon buroshi ba zai yi sati ba.

Baban 'Yan Biyu

Baba, wannan bayani ni ma na adana shi, nawa ya kusa shekarun nata. Wani maƙwabcina mai irin na buɗewa ta sama, makunnin murfi ne ya karye masa, sai ya haɗe wayoyin biyu don ya huta. Yanzu injin yana matsewa murfi a buɗe, ga yara a gida. Na yi masa magana har na gaji.

Maman Yara Huɗu

Jama'a na dawo da labari. Buroshi ɗaya saura kamar rabin santimita, ɗayan ma sifirin ne ya kusa fara gogar tagullar. Zoben sumul yake, Baba, na shafa shi sau uku don in tabbatar. Mun tafi da tsohon a hannu aka ba mu irinsa. Mun yi kuskure ɗaya: bakin buroshin a karkace yake, 'yata ta sa ɗaya a juye, da muka kunna sai ƙara kamar ana wasa wuƙa. Muka sake kwancewa muka gyara masa zama. Yanzu na yi wanki uku, yana matsewa har kaya su fito da ɗan danshi kawai. Akwai wata 'yar ƙara siririya da ba na ji a da.

Tsohon Mai Gyara

Wannan ƙarar ta sabon buroshi ce, bakinsa bai gama zama a kan zoben ba. Ki ba shi wanki kamar goma, kada ki cika masa kaya a kwanakin nan, za ta ɓace. Idan ta wuce haka ba ta ragu ba, ki sake leƙa wanda aka sa a juyen nan, wataƙila gefensa ya ɗan ɓantare.