Wai majalisa na da ikon tilasta minista ya zo gabanta?

Ɗan Fagge: Jama'a don Allah a fahimtar da ni, kullum sai mu ji an gayyaci minista ya ƙi zuwa ko ya turo darakta, to meye amfanin wanda muka zaɓa?

Malamar Firamare: Suna da iko ɗan'uwa, sashe na 88 da 89 na tsarin mulkin 1999 ya ba su damar bincike har da sammacin kamo wanda ya ƙi amsa gayyata, matsalar in jam'iyyarsu ɗaya ce sai kowa ya yi gum.

Bazazzagi: Gaskiya ne Malama. A Ingila minista ɗan majalisa ne, duk Laraba firaminista da kansa yake tsayawa ana masa tambayoyi. Mu kuwa in aka ba ka minista dole ka ajiye kujerar.

Ɗan Fagge: Wallahi namu ko ƙudiri ɗaya ban ji ya kawo ba, abin na ci min rai.